Daga Bankok zuwa Gyaɗi-Gyaɗi: Ina muke sauke baƙonmu, me muke ba shi ya ci?

A watan Disamba na 2024, kwamitin hukumar UNESCO mai kula da al'adun gargajiya ya zauna a birnin Asunsiyon na ƙasar Faraguwe, ya sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta yarda gadon bil'adama ne. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. A wannan zaman dai ƙasar Tailan ita ma ta shigar da nata, sai dai ita miya ta kai. Romon jatan lande ne mai tsami da yaji da suke kira tom yam kung, irin wanda matan ƙauyukan bakin kogi a tsakiyar ƙasar suka saba dafa wa iyalinsu. Ƙasa guda ta tashi ta ce wa duniya, wanda yake son ya san mu, ga tukunyarmu.

Tun daga nan nake ta juya wata tambaya a raina. Baƙon da ya taho Kano, ko kallon hawa ya kawo shi, ko sarin atamfa a Kantin Kwari, ko jinyar ɗan'uwa, a ina yake kwana, kuma me yake ci? Ra'ayina shi ne, matafiyi ba ya sanin gari sai ya kwana a gidan mutanen garin ya ci abin da suke ci. Mu Kanawa mun daɗe da sanin haka, da shi ma kakanninmu suka gina fatauci daga nan har Gwanja. Amma yau mun saki wannan gado ta fuska biyu: in mun je ƙasar wasu muna gudun tukunyarsu, in wasu sun zo ƙasarmu muna ɓoye tamu.

Yadda Tailan ta mayar da girki jakada

Sunan da abincin Tailan ya yi a duniya da gangan aka gina shi. Tun a ƙarshen shekarun 1930 zuwa cikin na 1940, gwamnatin Firaminista Phibun Songkhram ta riƙa kwaɗaitar da jama'a cin soyayyar taliyar shinkafa da ake kira pad thai, har ta zama tambarin ƙasar. A 2002 kuma gwamnati ta fito da shiri na musamman don ƙara yawan gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje daga kimanin 5,500 zuwa 8,000. Aka horar da masu girki, aka sauƙaƙa musu rance, aka taimaka musu su riƙa samun kayan miya na asali daga gida. Lissafinsu shi ne, wanda ya ɗanɗana miyarka a Landan ko a Dubai, wata rana zai yi sha'awar ganin ƙasar da miyar ta fito. Lissafin bai faɗi ƙasa ba. A 2019, kafin annobar korona, baƙi kusan miliyan 40 suka shiga Tailan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba duka suka bar wa manyan otal-otal ba. A ƙauyen Mae Kampong da ke kan tsaunuka kusa da Chiang Mai, manoman ganyen shayi sun fara sauke baƙi a gidajensu tun shekarar 2000, kuma ƙungiyar ƙauyen ce ke tsara wanda zai karɓi baƙo da kason da zai shiga asusun gari. A kudu kuwa akwai tsibirin Ko Yao Noi, tsakanin Phuket da Krabi, wanda mafi yawan mazaunansa Musulmi ne masunta. A shekarun 1990 manyan jiragen kamun kifi sun kusa share musu teku. Suka haɗa kai don kare sana'arsu, suka kuma fara gayyatar baƙi su zauna a gidajensu, su bi su kan kwalekwale, su ci kifin da aka kamo da safe. Su suka gindaya sharaɗi: baƙo ya suturta jikinsa, kada ya shigo musu da giya. Sharaɗin bai kori kowa ba. A 2002 ma shirin nasu ya ci lambar yabo ta duniya.

Me baƙo yake samu a irin wannan masauki da ba zai samu a otal ba? Ɗauki kwaɗon ɗanyen gwanda da suke kira som tam, abincin yau da kullum na yankin Isan a arewa maso gabas. Uwargida za ta jawo ɗan turmin yumɓu da taɓaryar itace, ta fara daka tafarnuwa da barkono. Kafin ta jefa barkonon sai ta ɗaga wa baƙo shi ta ga guda nawa zai iya ɗauka. Ta zuba sukarin giginya, ta matse lemun tsami, ta tsiyaya ruwan kifin da aka tsima da gishiri, ta sa tumatir da dogon ɗanyen wake da busasshen jatan lande da soyayyar gyaɗa. Daga ƙarshe ta kawo gwandar da ta yanyanka siri-siri, hannu ɗaya na ɗan bugawa da taɓarya, ɗayan na juyawa da cokali, tana ɗanɗanawa tana gyarawa har tsami da zaƙi da gishiri da yaji su daidaita. Sai a kawo shinkafa mai danƙo a cikin ɗan kwandon gora, kowa ya gutsura da hannu ya dunƙula ya dangwala. Kafin a tashi daga tabarmar baƙo ya san abin da ake nomawa a garin, ya san wa ke fara sa hannu a kwano, ya san yadda yaro ke zama a gaban babba. Wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a takardar jerin abinci ta otal.

Mu kuwa buhu muka sani

Ka ambaci Tailan a Kasuwar Singa ko a Kasuwar Tarauni, shinkafa za ta faɗo wa kowa a rai. Shekara da shekaru 'yar Tailan ita ce shinkafar fita kunya a gidajenmu. A da ta jirgin ruwa take sauka a Kwatano, ta ratso Jamhuriyar Benin da Nijar, ta shigo mana ta wajen Maraɗi da Jibiya. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da ita dala a farashin gwamnati, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kuma aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, duk don a ba manoman Kura da Bunkure da Haɗeja dama. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, turararriyar shinkafar nan da muke ji da ita ba ita mutanen Tailan suke ci a gidajensu ba. Don kasuwannin waje, musamman na Afirka, suke sarrafa ta. Su tasu mai laushi ce mai ƙamshi da ake kira hom mali, ko kuma mai danƙon nan ta arewa. Wato mun yi shekaru muna cin abin da suka sayar mana ba mu taɓa sanin abin da suke ci ba.

'Yan kasuwarmu kuwa sun daɗe da sanin hanyar Bankok. Suna saro tufafi da takalma a Pratunam, wasu suna harkar duwatsu masu daraja, wasu asibiti ke kai su. Amma dubi jakar matafiyin: kilishi, dambun nama, garin kunu, yaji a kwalba. Ya sauka a otal, ya nufi unguwar Nana inda gidajen abincin Larabawa da na 'yan Afirka suke, can zai ci rana can zai ci dare har ya gama abin da ya kai shi. In ya dawo ka ce, "Alhaji, yaya abincin mutanen can?" sai ya ce, "Wallahi wa ya sani? Mu dai shinkafa da kaza muka yi ta ci a wajen Larabawa."

Ban raina dalilinsa ba. Naman alade ya yawaita a girkin Tailan, yana iya ɓuya a romo ko a man suya, kuma Musulmin da ba ya jin yaren gari dole ya yi taka-tsantsan. Amma maganin wannan tsoro shi ne mai masauki. Tailan na da Musulmi miliyoyi. Su ne mafi rinjaye a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat a kudu, a Bankok kanta akwai masallatai sama da ɗari. Akwai tsohon Masallacin Harun a unguwar Bang Rak, akwai unguwar Ban Khrua ta masaƙan alharini Musulmi 'yan ƙabilar Cham. Majalisar ƙoli ta Musulmin ƙasar tana buga tambarin halal a kayan abinci, Jami'ar Chulalongkorn kuma tana da cibiya sukutum ta binciken kimiyyar halal. Bakanon da ya yi sallar Juma'a a ɗaya daga cikin masallatan nan, ya gaisa da mutane, ya nuna shi baƙo ne, da wuya ya rasa wanda zai ja shi gida ko ya nuna masa rumfar da zai ci hankali kwance.

In ya bi su kuwa zai tarar da abin mamaki. Ɗaya daga cikin miyoyin da Tailan ta fi alfahari da su, massaman, girkin Musulmi ne da ake danganta asalinsa da fataken Farisa da suka zauna a tsohon birnin Ayutthaya a ƙarni na 17. Naman sa ne ko kaza ake dafawa a madarar kwakwa da gyaɗa da dankalin Turawa da albasa da kirfa da kanumfari da tsamiya. A 2011 tashar CNN ta sa ta a matsayi na farko cikin abinci 50 da suka fi daɗi a duniya. Akwai kuma khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza da kurkum, wadda Musulmi ne suka fi sayar da ita. Harshen da ya tashi da miyar taushe da kunun tsamiya da kwaɗon zogale ba zai ji baƙunta a nan ba. Barkonon da suke ji da shi, da gyaɗar, da gwandar, da tumatirin, duk daga nahiyar Amurka suka samo asali, jiragen Turawa suka yaɗa su, kamar yadda suka iso mana. Tsamiya kuwa itaciyar ƙasarmu ce. Wanda ya je Bankok ya ƙare a shinkafa da kaza ya cuci kansa.

Gadon fatoma da zaure

Abin da Tailan ke kira sabon salon yawon buɗe ido tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da suke tashi daga Kano da jakuna su yi watanni kafin su kai Salaga, ba otal suke sauka ba. A kowane zango akwai fatoma, ko maigida, mutumin da ya zauna a garin ya san yarensa da sarakunansa da farashin kasuwarsa. Shi zai ba baƙo ɗaki, matansa su dafa masa abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya kai shi gaban alƙali in rigima ta taso. Masana sun rubuta wannan tsari dalla-dalla: Polly Hill a kan Kumasi, Abner Cohen a kan unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, Paul Lovejoy a kan ayarin goro a 1980. Abin da Cohen ya gani a Sabo shi ne dubban shanu suna canza hannu a kan bashi, babu takarda babu banki, sai amanar maigidan da baƙo ya kwana a gidansa ya ci tuwonsa. A cikin wannan duniya Alhassan Ɗantata ya koyi fatauci tsakanin Bebeji da Gwanja da Ankara kafin ya zama attajirin da ya zama.

Kano ma haka ta karɓi nata baƙin. Larabawan Gadamas da Turabulus sun zauna a Dandalin Turawa da kewayen Kasuwar Kurmi. Da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso a 1824, wani attajiri Balarabe mazaunin garin, Hat Salah, shi ya ɗauki nauyin masaukinsa. Wani Baturen matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a unguwar Dala a 1851. Kuma baƙuntar ba ta tafi haka nan ba, ta bar mana alama a tukunya. Gurasar da Jakara ta yi suna a kanta, da alkaki, da dubulan da ba a kai gara sai da su, daga cuɗanya da Larabawa muka same su. Da kakanninmu sun killace baƙinsu a wani gini can bayan gari, da yau ba mu da bandashe.

Ginin gidan Bahaushe kansa saboda baƙo aka tsara shi. Zaure ne fuskar gida. Nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake kawo ruwan sanyi kafin a tambayi mutum sunansa, nan ake ajiye ƙwaryar fura, nan akushin tuwo ke fitowa bayan Magariba maigida ya ci tare da maƙwabta da duk wanda dare ya yi wa. A bayan zaure akwai ɗakin baƙi ko shigifa, cikin gida kuma na mata ne ba mai keta shi. Addini ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, al'ada ta ce baƙonka annabinka.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ƙofar Kano ta yau

A da ta Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Ɗan'agundi da sauran ƙofofin ganuwa baƙo ke shiga birni. Yau mai zuwa daga Kaduna ko Abuja ta Titin Zariya yake shigowa, mai zuwa daga Azare ko Potiskum ko Maiduguri ta Titin Maiduguri, kuma da yawansu a ƙaramar hukumar Tarauni suke fara taka ƙasa. Tashar Unguwa Uku na nan. Kasuwar waya ta Fam Santa na nan, inda samari ke zuwa sari daga jihohin maƙwabta. Filin baje koli na Titin Gidan Zu, inda ake kasuwar duniya duk shekara, na nan kusa. Sai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, wanda marasa lafiya ke zuwa daga Jigawa da Katsina da Bauchi da Yobe har da Jamhuriyar Nijar.

Duk wanda ya tsaya a bakin asibitin nan da la'asar sakaliya zai ga cewa al'adar ba ta mutu ba. Zai ga mata suna saukowa daga Adaidaita Sahu da kwando, a ciki kular tuwo da ta miya, da filas ɗin kunun gyaɗa, da ɗan farfesun kaza da aka lulluɓe da tawul. Sau da yawa mara lafiyar ba ɗan gidan ba ne. Surukar ƙanwar maƙwabciya ce daga Gumel, ko ɗan garin maigida da ba a taɓa gani ba sai jiya. Gidaje da yawa a Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa sun sha sauke masu jinya na mako ko wata, yara su matsa a ɗaki ɗaya, a ƙara mudu a tukunya, ba wanda ya karɓi ko sisi. Waɗannan mata su ne fatomomin zamaninmu, ko da yake ba wanda ya kira su da sunan.

Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne baƙon da muke ganin girmansa. Abokin ciniki ya zo daga Legas, ko malamin jami'a daga Ingila, ko ɗan kasuwa daga Sin, sai a kama masa ɗaki a otal, a kai shi gidan abinci ya ci soyayyar shinkafa da kaza irin wadda zai samu a kowane filin jirgin sama na duniya. In ta kama dole ya zo gida, uwargida ta ajiye tuwon dawa da miyar kuka da man shanu da ta riga ta gama, ta ɗora shinkafa 'yar waje. In kuwa lokaci ya ƙure, sai ka ji maigida yana cewa, "Ranka ya daɗe, sai dai ka yi haƙuri, tuwo aka yi." Wannan jimla tana ci mini rai. Haƙurin me ake bayarwa? Tuwon da aka surfa dawarsa, aka niƙa, aka tankaɗe, aka yi talge aka tuƙa, da miyar da daddawarta ta kwana uku tana tsima, shi ne abin ba da haƙuri? Matar Isan da ke ɗaga wa baƙo barkono ba ta ba shi haƙuri. Ta san abin da ke turminta dukiya ce.

Mu ma muna da shi, har ya yi yawa. Ɗanwake da mai da yaji da safe. Waina da miyar taushe. Sinasir, funkaso, dashishi, dambun shinkafa da zogale, faten tsaki da rama. Gurasa da tsire da yamma, balangu da dare, fura da nono da rana tsaka. Zoɓon da muke ɗauka abin yara ne, daga Kasuwar Dawanau ake loda shi a kwantena zuwa Meziko. Ƙasar da ke da irin wannan ɗakin girki bai kamata ta riƙa tarbar baƙonta da abincin aro ba.

Uzurin da ake kawowa

Na san abin da za a ce, kuma ba zancen banza ba ne. Na farko tsaro. Wanda ya ga ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da hare-hare suka girgiza Kano har da ofisoshin hukuma da ke Fam Santa, ya san dalilin da ya sa mutane suka daina buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Garkuwa da mutane ta ƙara wa abin nauyi. Sai dai fatoman da ma ba kowa yake saukewa ido rufe ba. Baƙo da shaida yake zuwa: madugu ya san shi, ko wani maigida a zangon baya ya aiko shi. Yau muna da mai unguwa da dagaci da limamin masallaci da lambar shaidar ɗan ƙasa da wayar hannu. Tantance mutum ya fi sauƙi a yanzu fiye da zamanin jakuna. Kuma baƙon da unguwa ta san gidan da ya sauka ya fi zama cikin idon jama'a a kan wanda ya kulle kansa a ɗakin haya ba wanda ya san shi.

Na biyu sirrin gida da mutuncin iyali. Wannan ma magabata sun warware shi da zaure, mu muka rushe maganin. Sababbin gidajenmu get ne da wurin ajiye mota, tsofaffin zaurukan bakin titi kuma an fasa su an yi shaguna. Mai gini a yau zai iya ware ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje da banɗakinsa. Baƙuwa mace ta shiga cikin gida wajen mata, namiji ya tsaya a waje. Masuntan Ko Yao Noi sun nuna cewa mai gida ne ke sa doka, baƙon kirki kuma yana girmama gidan da ke da doka.

Na uku tsadar rayuwa, da kunyar karɓar kuɗi a hannun baƙo. A nan sai a rarrabe. Ɗan'uwa da mai jinya da wanda dare ya yi wa, haƙƙinsu ne a sauke su don Allah, wannan ba a sa masa farashi. Amma ɗan kasuwa ko mai bincike ko mai yawon buɗe ido da ya ware kuɗin otal, ba abin kunya ba ne kuɗin ya shiga hannun gwauruwar da ke riƙe da marayu a Tarauni, wadda wainarta ta fi ta kowane otal. Fatoma ma la'ada yake ci daga cinikin baƙonsa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Da ita ya ciyar da gida, ya aurar da yaransa, ya gina masallaci.

Abin da za mu iya yi

Ba sai an jira Abuja ba. Masu unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Daurawa da Babban Giji za su iya zama da limamai da ƙungiyoyin mata su fitar da sunayen gidajen da suke da ɗaki kuma suke son karɓar baƙi. A duba tsabta da ruwa da makewayi, a rubuta ƙa'idojin gida a bayyane, a riƙa karɓa bi da bi don kada gida ɗaya ya kwashe, a ware wani kaso a asusun unguwa, wanda da shi za a iya ciyar da masu jinyar da ba su da kowa a Kano. Ƙaramar hukuma da hukumar yawon buɗe ido ta jiha aikinsu rajista da horarwa da tallatawa. Cibiyar 'yan kasuwa da ke shirya baje koli za ta iya miƙa wa mahalarta jerin gidajen nan tare da jerin otal-otal, kowa ya zaɓa. Masu otal ɗin ma ba a ce su rufe ba, akwai baƙon da otal ne ya dace da shi, amma me zai hana ɗanwake da sinasir su hau teburin karin kumallonsu?

Wanda ba shi da ɗakin saukar baƙo yana da kwano. Ya gayyaci abokin cinikinsa cin dare a gida, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwan wanke hannu, a gaya masa sunan kowace miya da ganyen da aka yi ta da shi. In yana so, a bar shi ya ga yadda ake jefa ɗanwake a tafasasshen ruwa, ko yadda ake manna gurasa a jikin tanderu.

Ga matafiyanmu kuma, masu zuwa Bankok da Gwanzu da Istanbul da Alƙahira, shawarata ita ce a rage kilishin jaka. A nemi masallacin unguwa, a nemi mutumin gari mai amana, a tambaye shi abin da ya halatta, a ci abin da iyalinsa ke ci, a riƙe masa tsaraba daga gida. Ciniki ma ya fi ƙarko da wanda kuka haɗa hannu a kwano ɗaya, fataken goro sun tabbatar da haka tun kafin a san jirgin sama. In kuma shi ya biyo ka Kano wata rana, ka sauke shi a gidanka, ka sa a tuƙa masa tuwo, ka ajiye a gabansa ka ce bismillah, kada ka ba shi haƙuri.